Kafin ka kai wa Alhaji rigunan rifilekta

Yarona, ka ce Alhajin nan mai siton kayan masarufi a Sharada ya aiko a kai wa ma'aikatansa rigunan rifilekta, ya ce a zaɓo masu araha. Kai kuma ka duba iri ukun da muke da su a shago, ka ga duk sheƙi suke, shi ne kake tambaya me zai hana a ba shi ta ƙasan, wato mafi arahar, kuma wane launi za a ɗauka. Rabin amsar tana jikin rigar, rabin kuma tana can cikin siton, don haka kar ka faɗa masa farashi sai ka je ka gano wurin da idonka.

Ita rigar aiki biyu take yi, kowanne da lokacinsa. Yadin nan mai kashe ido, ko ruwan tsanwa ko ruwan lemo, na rana ne. Rinin da aka yi masa yana shan wani haske na rana wanda idonmu ba ya gani, ya mayar da shi hasken da ake gani, shi ya sa take ƙara fitowa da sassafe, da gab da magariba, da ranar da hazo ya sauko. Da duhu ya shiga aikinsa ya ƙare, ya zama yadi kawai. Daga nan sai tef ɗin nan mai ruwan toka ya karɓa. An shimfiɗa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi da ido ba ya iya rarrabe su, wani kuma da 'yan mitsi-mitsin kusurwoyi aka yi shi. In haske ya dake shi ba ya watsewa, inda ya fito yake komawa, kamar idon kyanwa in ka haske ta da tocila. Direban da ya kunna fitila shi zai ga mutum tarwai, wanda ke tsaye a gefe kuwa ba abin da zai gani. To ka riƙe wannan da kyau: in ba fitila, tef ba shi da amfani. Sito da duhu, an ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, fitilar fokilif, motar nan mai ɗaga kaya, ta mutu ba a gyara ba, ko rigar da ta fi kowace tsada ka sa wa mutum ba mai ganinsa.

Bambancin iri ukun nan ba son kuɗi ba ne. Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi, ISO 20471, wanda ya fito a 2013 ya maye gurbin EN 471 na ƙasashen Turai. Ya kasa rigunan aji uku, bisa yawan yadi mai launi da yawan tef. Aji 1 yana buƙatar yadi murabba'in mita 0.14 da tef 0.10. Aji 2 yadi 0.50, tef 0.13. Aji 3 yadi 0.80, tef 0.20, kuma falmaran zalla ba ta kai aji 3, sai mai hannu da tef a hannun, ko a haɗa ta da dogon wando mai tef. Faɗin tef ba ya gaza milimita 50, wato inci 2 a awon tela. Launi uku kaɗai ma'aunin ya sani: ruwan ɗorawa mai tsanwa-tsanwa, ruwan lemo, da ja, duk masu kashe ido. Shuɗiya da baƙa da kake gani ana sayarwa da tef a jiki, ado ne da rarrabe ma'aikata, ba sa cikin lissafi. In kaya daga Amurka suke za ka ga ANSI/ISEA 107 a takardar wuya, da harafin O ga masu aiki nesa da titi, R ga masu aiki a kan titi.

Ta ƙasan da kake magana, ɗauko ta ka sa mata tef ɗin awo. Za ka samu abin da aka liƙa mata bai fi inci 1 ba, layi ɗaya a ciki, ba komai a kafaɗa. Wannan ba ta shiga kowane aji ba. Araha ba ta ado.

In ka je siton, fara duba launin kayan da aka jibge. Nan ne yara da yawa ke kuskure, su ɗauka ruwan tsanwa ta fi ko'ina don ita ce ta fi haske. Haka ne ta fi haske, amma shiga siton man gyaɗa a Singa, inda aka tsara jarkoki masu ruwan ɗorawa tun daga ƙasa har rufi, shi ma fokilif ɗin ruwan ɗorawa ne, ka tsayar da mutum mai irin wannan riga a gabansu. Direban da ke ribas yana leƙen madubi ba zai raba shi da jarka ba. A irin wannan wuri ruwan lemo za ka ba su. Inda kuma katan-katan ne masu ruwan ƙasa, ko fili ne na jar ƙasa mai ƙura, ruwan lemo na sajewa, ruwan tsanwa ce ke fita. Fararen buhuna irin na riɗi da wake a Dawanau, kowace ka sa za ta yi. Ka tafi da samfur biyu, ka sa wa mutum biyu, ka ja baya zuwa bakin ƙofa ka duba. In direba ya yarda, hau kujerarsa ka duba daga can, don shi ne ake so ya gani.

Sannan ka lura da wa ke tsayawa a ina. Masu aiki can ciki, inda ba abin da ke wucewa sai baro da kura, aji 1 ta gaske za ta iya wadatar da su. Ni dai aji 2 nake ba su, don ɗan dako ba ya zama wuri ɗaya, yanzu yana ciki, anjima yana gindin tirela. Masu lodi da sauke kaya a bakin ƙofa, aji 2 ba tantama, kuma mai tef da ya haura kafaɗa ya sauko baya. Dalilin na kafaɗar nan: mutum in ya sunkuya zai ɗaga buhu, layin ciki ya ɓoye, na kafaɗa kaɗai ya rage, kuma direban babbar mota daga sama yake kallo. Wanda ke fita titi da dare yana tare motoci don tirela ta shiga ko ta fito, shi ne na aji 3 mai hannu, don a ga motsin hannunsa. Ka ware masa launin da ba na sauran ba, direba ya san hannun wa zai bi. Irinsa bai wuce mutum ɗaya ko biyu a sito, kuɗin ba zai dami Alhaji ba.

Sai maganar da masu saye ba sa tunawa da ita suna zaune a ofis cikin sanyin esi: zafin Kano. Daga Maris zuwa Mayu zafi na kai digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ba a magana. Rigunan nan yadin roba ne. Ka ba mai ɗaukar buhu mai nauyin kilo 50 rigar da iska ba ta ratsa ta, kafin azahar ya tuɓe ta, ya naɗe ya yi gammo da ita. Ba taurin kai ba ne, kai ma da haka za ka yi. Don haka mai raga-raga za ka ba su, amma ka ɗaga ta ka duba: in ramukan sun yi girma har kana karanta rubutu ta cikinta, launin ya ragu, baƙar singiletin da ke ƙasa ita za ta rinjaya. Da hunturu kuma matsalar juyawa take, mutum ya sa rifilekta sannan ya ɗora rigar sanyi a kai. Shi ya sa ba a sayen awo ɗaya ga kowa. Ka haɗa da manya waɗanda za su hau kan rigar sanyi su rufu.

Rufuwar ma abin dubawa ce. Rigar da aka bari a buɗe tana lilo, gabanta ya tashi aiki, kuma ƙusar katako ko bel ɗin inji na iya kama ta. Zif ya fi daɗewa a wurin ƙura, don maɗaurin Velcro in ya cika da zaren buhu da gari ba ya ƙara kamawa. Amma inda akwai bel mai gudu ko injin da ke juyawa, mai Velcro a kafaɗa da gefe ta fi, wadda in an fizge ta za ta ɓalle ta bar mutum. In ka ga ana walda a wurin, ko ana ajiye fetur, gas ko tina ta tsinka fenti, kar ka yi alkawari. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Nasu daban ne, masu jure wuta, ka dawo mu yi magana.

Lamba a takardar wuya ba hujja ba ce, kowa na iya buga ta. Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi. Rataye rigar a lungun shago mai duhu, ka ja baya kamar taku ashirin, ka kunna tocilar wayarka ka kara ta a goshinka kusa da ido. Tef na gaske zai haska fari fat har ya dame ka. Na bogi zai yi ɗan ƙyalli dishi-dishi, don fenti ne. Matsa gefe ka sake haskawa a karkace, na kirki zai ci gaba da amsawa. Sannan ka murje tef ɗin tsakanin yatsu, ka kankare shi da farce. In toka-toka ta biyo yatsanka, wanki biyu zai gama da shi. Telolinmu na nan gari suna ɗinka masu kyau in an ba su yadi da tef na gaske, irin Scotchlite na kamfanin 3M, ina kuma sayar da nasu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a liƙa musu lambar ISO alhali ba wanda ya gwada su. A shagon nan ba ma yi.

Alhaji zai so a buga sunan kamfani a baya, kowa na so. A buga, amma madaidaici, kuma kar fenti ya taɓa tef. Duk inda rubutu ya rufe, an rage yadin da ake lissafin aji da shi.

Ka kuma gaya masa tun yanzu cewa kayan nan suna da kwana. Takardar wuya tana faɗin iyakar wankin da tef zai ɗauka, galibi za ka ga 25. Ƙurar fulawa, siminti da baƙin mai suna kashe sheƙi, dole a wanke, amma da ruwan sanyi da omo kaɗan. Ban da Hypo, ban da burushi, ban da dutsen guga a kan tef. A shanya a inuwa, don ranar da ke sa launin ya yi aiki ita ce kuma ke cinye shi, har riga ta koma fari-fari. Wadda ta koɗe ko tef ɗinta ya tsattsage, a canza.

In ka dawo, rubuta masa farashi kashi uku: na 'yan ciki da bakin ƙofa, na masu fita titi, da 'yan ƙari da sitokifa zai ajiye don baƙi da direbobin da ke sauka daga mota. Kowane ma'aikaci biyu-biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki. A ƙasa ka ƙara masa layi guda kan abin da ka gani wanda riga ba ta gyarawa, ko fitilar da ta mutu, ko rashin layin da ya raba hanyar ƙafa da ta fokilif. In ya ce shi lallai sai ta ƙasan, kar ka yi musu da shi, ba sa'anka ba ne. Ka roƙe shi minti biyar bayan magariba, ka rataye biyun a ƙofar siton, ka sa direbansa ya kunna fitila.