Mai ban dariya ba ya ɓata mugu

Malam, ka tambaya ko mai ban dariya yana rage wa mugu kwarjini a katun ɗin yara na sararin samaniya. A ganina a'a. Nan unguwar Zariya, Maradi, autana ɗan shekara 5 da mugu ya fito da jirginsa sai ya laɓe bayan uwarsa. Mai ban dariyar katun ɗin, wani mutum-mutumi mai yawan tuntuɓe, shi ke maido shi kan tabarma. Ai haka tatsuniyarmu take: Gizo na ba da dariya, amma Dodo ba ya wasa, shi ya sa muke ƙanƙame kaka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a mai da mugun kansa wawa, kullum wautarsa ke kayar da shi. Babbar ɗiyata ta daina tsoronsa, har kallon ma ta bari.