Tambayi Likita: Bawul ɗin Zuciya da Kumburin Cikinta

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 ya yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bara, yanzu da ya ɗan yi gudu sai haki. An ce bawul ɗin zuciyarsa ya taɓu, wai asalinsa ciwon maƙogwaro ne. Ina ruwan maƙogwaro da zuciya? Kuma yaushe za a daina masa allurar wata-wata?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Zuciya tana da ɗakuna huɗu da bawul huɗu, aikinsu su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya dawo baya. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Streptococcus mai kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a yi maganinta ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yara takan rikice, ta far wa gaɓoɓi da zuciya. Ciwon gaɓoɓin yana tashi daga wannan gwiwa ya koma waccan, daga baya ya warke sarai. Bawul kuwa tabo yake yi, musamman wanda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu: ko ya tsuke, ko ya riƙa yoyo. Jini ya taru a huhu, shi ne hakin nan.

Allurar penisilin nau'in benzathine ba ta gyara abin da ya riga ya lalace, hana ƙarin lalacewa take yi, domin duk dawowar ciwon sabon tabo ne. Ana yin ta duk mako uku ko huɗu, awo 1,200,000, rabin haka ga yaron da bai kai wajen kilo 27 ba. Wanda bawul ɗinsa ya taɓu yakan yi shekara 10 aƙalla yana karɓa, wani sai ya kai shekara 40 da haihuwa. Tana da zafi, ba na musu, amma kada a tsallake. Ƙannensa kuma, duk wanda ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti ya sha maganin kwana 10 cif. Cire belu wurin wanzami ba ya kashe wannan ƙwaya.

Tambaya: Ina da ciwon bawul tun ina yaro. Mako biyar ke nan ina zazzaɓi da gumin dare, na sha maganin maleriya da na taifot har sau biyu.

Amsa: Malam, ka daina zuwa kemis, ka nufi asibiti yau. Mai lalataccen bawul da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, abin da muke fara zargi shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga jini sun manne a fatar cikin zuciya. Sau da yawa daga ruɓaɓɓen haƙori suke shiga. Can suke yin curi, in wani ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Za a ɗebi jininka sau uku a shuka a ɗakin gwaji, don a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, kafin a fara magani, a kuma yi hoton zuciya na eko. Ka faɗi duk abin da ka sha, domin kafso ɗin da ake sha barkatai yana hana ƙwayar fitowa a gwaji. Maganin ta jijiya ne, mako huɗu zuwa shida.

Tambaya: An sa mini bawul na ƙarfe, ina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Da gaske ne an hana ni zogale?

Amsa: Hajiya, ba a hana ki ba. Zogale, alayyafo da sauran ganye suna da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Matsalar ita ce a ci kwano guda yau, a yi mako biyu ba a taɓa ba. Ki tsayar da adadi ɗaya, sai a daidaita miki ƙwayar a kansa. Gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, shi ne ma'auni: ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5 idan bawul ɗin tsakanin ɗakunan hagu ne aka canza. Ki guji diclofenac da ibuprofen, kada kuma ki sha Flagyl ko Septrin sai da sanin likitanki. Baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa, asibiti nan take. Idan kina shirin ɗaukar ciki, ki sanar tun kafin ya shiga, domin warfarin yana iya cutar da jariri tsakanin mako na 6 da na 12.