Surukata 'yar Japan ta rasu, ta bar mana akwatin takardu

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Sakramento, jihar Kalifoniya. Mahaifiyar matarsa ta rasu tana da shekara 94. Ta baro Japan cikin shekarun 1950 bayan ta auri sojan Amurka, kuma ita ta yi renon 'ya'yansa lokacin da shi da matarsa ke aikin dare. Yana tambaya ko yana da haƙƙin hutu a wurin aiki, ko ya halarci taron cikar kwana 49 da rasuwar, wanda dangi suka shirya, da kuma yadda za su yi da akwatin takardunta da ba wanda ya iya karantawa.

Malam, sannu da rashi. Allah ya ba ku haƙuri, musamman maiɗakinka da yara.

Batun hutu mai sauƙi ne. Tun Janairun 2023 dokar Kalifoniya ta ba ma'aikaci har kwana 5 na makoki idan ma'aikatar tana da mutum 5 ko fiye, shi kuma ya kai kwana 30 yana aiki. Suruka tana cikin waɗanda dokar ta lissafa. Ba dole ne a biya ka ba, kuma sai ka cinye kwanakin cikin wata 3. Ka ajiye kwana ɗaya saboda ranar taron.

Ni dai shawarata ka je. A wurin mabiya addinin Buda na Japan wannan rana tana da nauyi ƙwarai, rashin ganinka zai yi wa matarka ciwo. Suratu Luƙman ta umarce mu da kyautata zama da iyaye ko da addini ya bambanta, Annabi (SAW) kuma ya ce wa Asma'u 'yar Abubakar ta sadar da zumuncin mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Za ka ga ana bi layi ana ƙona turare a gaban hoton mamaciyar. Wannan ibada ce, ba sai ka yi ba. Ka sanar da babban gidan tun kafin ranar, cikin ladabi, kada ka bari sai layi ya iso kanka. Ka sa baƙaƙen kaya, ka kai gudummawar kuɗi a ambulan kamar yadda suke yi, ka ɗauki kujeru, ka raba abinci. Matar da ta goya maka 'ya'ya ta cancanci haka.

Akwatin nan ne na fi so mu tsaya a kai. Kada a zubar da ko ƙyallen takarda. Ku nemi wadda aka jera sunaye da ranakun haihuwa, mai jan hatimi, watakila an rubuta ta daga sama zuwa ƙasa. Rajistar iyali ce ta Japan, koseki, kuma ita ce hujjar asali a can. Idan marigayiyar katin zama kawai ta riƙe, ba ta karɓi zama 'yar Amurka ba, to har ta rasu 'yar Japan ce, dole a kai rahoton rasuwar ofishin jakadancinsu na San Faransisko cikin wata 3. Idan ta karɓa, ta rasa na Japan, don dokarsu haka ta tanada. Ko ta wane hali, tun 1990 Japan tana ba jikokin 'yan ƙasarta izinin zama na dogon lokaci da damar aiki, kuma da wannan rajista ake tabbatar da jikantaka. Wata rana ɗanka zai iya buƙatarta.

Ku kuma zauna da 'yan'uwan matarka a tattara labarinta tun ana tunawa. Ta sauka a Amurka, ƙasar da shekaru kaɗan kafin nan, a 1942, gwamnatinta ta kwashe kusan mutum 120,000 'yan asalin Japan ta tsare a sansanoni. Sai a 1952 doka ta yarda haifaffen Japan ya zama ɗan Amurka. A cikin wannan yanayi ta shiga gidan miji ba dangi, ba yare, ta yi shekara kusan 70. Ƙungiyar Densho da ke Siyatil, da gidan tarihin Amurkawa 'yan asalin Japan da ke Los Anjelas, suna adana irin waɗannan labarai da hotuna. Ku tuntuɓe su kafin ku raba kayan.

Ka ce a wasiƙarka Hajiyarka tana nan da rai a Kano, yaran kuma sau ɗaya suka taɓa ganinta. Wannan ya tsaya mini a rai. Sun san girkin kakarsu ta nan da muryarta, ta gida kuwa sai a waya ranar sallah. Ka sa ƙaninka ya zauna da ita ya ɗauki muryarta: sunan iyayenta da kakanninta, unguwar da aka haife ta, yadda aka yi aurenta. A turo, ka fassara wa yara. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ɗan da aka haifa a waje ga uba ko uwa 'yan Najeriya ɗan ƙasa ne, saboda haka ka yi musu lambar NIN da fasfo bana, ka fara tara kuɗin jirgi na hutun makaranta mai zuwa.