Amsa: Zaman rukuni a asibitin unguwa don rage ƙiba

Hajiya, kin tambaya ko zaman rukunin da ake yi a asibitin sha-ka-tafi zai amfane ki, tunda kina fama da ƙiba da hawan jini. A ganina, ki je. Wadda ta san za ta hau sikeli a gaban 'yan'uwanta mata ranar taro, da wuya hannunta ya kai ga malmalar tuwo ta biyu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki ma yakan sassauta hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da gishiri ƙasa da giram 5 a rana, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Maganinki kuwa, kada ki daina sha sai likita ya ce.