Amsa: Rubutun zinare a sitikar man kaɗanya

Hajiya, kin tambaya ko rubutun zinaren nan mai ƙyalli zai dace da robobin man kaɗanyar da kike kaiwa shagunan unguwar Osu da ke Accra. Zai dace, amma kada ki cika shi.

Ba zinare ba ne fa, siririyar leda ce da aka shafa wa alminiyam da launi. Ana sassaƙa sunanki a hatimin ƙarfe, a ɗumama shi, a danna ledar a kan sitika, ƙyallin ya manne. Hatimin magnisiyam ya fi araha, na tagulla ya fi ƙarko. Sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, shi ya sa buga 'yan kaɗan ba ya fisshe ki.

Suna da tambari kawai ki sa wa ƙyallin. Ƙananan rubutu, irin kayan haɗi da lambar FDA (hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana), ki bar su baƙi, don zinaren cushe su yake yi.

Sai maiƙo: takarda zalla tana shan mai ta yi dabbare-dabbare, ki ce a yi miki ta roba. In kin je maɗaba'un Accra New Town, ki karɓi samfuri, ki shafa masa man ki murza da yatsa kafin ki biya.