Fuloti biyu, bene ɗaya: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da fuloti a Hotoro wanda muka gada daga mahaifinmu, yana da satifiket. Bara na sayi na maƙwabcinmu da ke jikinsa, shi kuwa takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa. Ina so in haɗe su in gina bene mai fulat takwas na haya. Kuɗin hannuna ba za su kai ba, ina tunanin karɓo rancen naira miliyan 100 a banki. Ta ina zan fara? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce "muka gada", sannan ka ce "in gina". A nan na fara tsayawa. Matuƙar satifiket ɗin yana ɗauke da sunan marigayi, Allah ya jiƙansa, filin na magada ne gaba ɗaya. A fara raba gado a kotu, a rubuta, ko dai ka biya 'yan'uwanka kasonsu, ko su shigo a matsayin masu hannun jari.

Sai fulotin da ka saya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya hana sayar da fili mai satifiket ko jinginar da shi ba da amincewarsa ba. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, amma banki ba ya karɓar ta a matsayin jingina. Ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika maka fayil, a tabbatar wurin bai hau kan hanya ko filin wani ba, ka biya bashin kuɗin ƙasa, safiyo ya sake awo, sannan ka nemi a haɗe su kan takarda guda. Rushe katangar tsakani ba ya mayar da fuloti biyu su zama ɗaya.

Ka kuma karanta sharuɗɗan satifiket ɗinku. In gidan zama aka rubuta, kai kuma kana da niyyar fitar da shaguna a ƙasa, sai ka nemi izinin canza amfanin filin. Zanen ginin kuwa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ce za ta amince da shi kafin a haƙa fandisho. Za a duba tazarar gini da titi, da wurin ajiye motoci, da magudanar ruwa. Ni kuma zan ƙara maka da tagogi. Na taɓa ganin bene ya kai hawa na biyu aiki ya tsaya cak, don tagoginsa suna leƙa tsakar gidan maƙwabta. Ka zauna da maƙwabtanka da mai unguwa tun zanen yana kan takarda, gyaran fensir ya fi na siminti arha.

To, batun rance. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma ɗorawa suke yi a kai. Mu ƙaddara an ba ka a kashi 30: miliyan 30 ke nan duk shekara, uwar kuɗi ba ta motsa ba. In kowane fulat ya kawo miliyan biyu a shekara, takwas sun kawo 16, shi ma sai an gama gini kuma duk sun cika. Ban ga ta inda lissafin zai fita ba, balle a zo ga maganar riba a addini. Rancen asusun gidaje na ƙasa mai kashi 6 kuwa an tanade shi ne ga masu zubi da ke neman muhallin kansu.

Da ni ne, hanya biyu zan duba. Ta farko, bankuna irin su Jaiz da TAJ ba sa aiki da kuɗin ruwa, amma suna da tasu ribar, kuma su ma sai sun ga takardu tsaf, don haka ka sa alƙalami ka lissafa. Ta biyun, wadda na fi so: kai ka sa fili, mai kuɗi ya yi gini, ku raba fulat-fulat bisa yarjejeniyar da lauya ya rubuta. In ba ka son abokin tarayya, injiniya ya zana maka fandishon da zai ɗauki benen duka, ka gama huɗun ƙasa, ka zuba 'yan haya, kuɗinsu ya riƙa sayen rodin sama.