Tayoyin Toyota GT86: wane lamba, iska nawa?

Ɗan'uwa, ka ce tayoyin GT86 ɗinka sun cinye, kana son sanin waɗanda za ka saya da yawan iskar da za a sa musu.

Fara da buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin. A wannan motar za ka ga 215/45 R17, iska kuma 35 psi gaba da baya. Ka tsaya a kan wannan girman. Bayan lambar akwai 87W: 87 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 545, W kuma gudun kilomita 270 a awa. Kada ka sayi abin da ya gaza haka.

Ka duba shekarar taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar. 2321 na nufin mako na 23, shekarar 2021. Na taɓa sayen na hannu don araha, zanensu kamar sabo, ashe robar ta bushe. Ranar da aka yi yayyafi, gindin motar ya zame mini a shataletale, sai da gabana ya faɗi. Motar da tayoyin baya ke turawa, irin taka, ba ta son tsohuwar taya, kuma kada ka haɗa iri biyu a baya.

Iska kuwa, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Lambar iskar da ke rubuce a jikin taya iyaka ce, kada mai faci ya cika har can. Sayi gejinka.

In ka ga gefe ɗaya na cinyewa, ko sitiyari na rawa, kai ta wurin masu alaimen da balansin na kwamfuta.